Ina Za a Sauka? Jagora ga Mai Kai Yara Yawon Buɗe Ido Daga Sabon Birni da Isa

Magidancin da ya ƙudurta fita da iyalinsa daga Sabon Birni ko Isa don yara su ga gidan zu a Kano, ko su hau lilon lantarki a Abuja, yakan fara lissafi da kuɗin mota, sai na tikitin shiga, sai na tsaraba. Masauki ake bari a ƙarshe, a ce in an isa a gani. To a nan tafiya take ɓaci. Wurin wasa awa uku ne ko huɗu a yini. Sauran lokacin duka a masauki za a yi shi, ko a hanyar zuwa da komowa. Saboda haka masauki ya kamata a fara yankewa, kuma tambayar da za a auna shi da ita guda ce: daga ƙofarsa zuwa abin da aka zo gani, minti nawa ne ga mutumin da ke riƙe da yara?

Wani zai ce a ƙasar da mutane ke kwana da takalmi a ƙafa, ina ake ta zancen yawon buɗe ido. Ina jin nauyin wannan magana. Amma yaron da ya tashi a gabashin Sakkwato a 'yan shekarun nan ya fi sanin ƙarar bindiga da sanin kukan zaki, kuma in Allah ya hore wa ubansa abin da zai fitar da shi kwana uku ya ga wata duniya, ya yi dariya har ya gaji, ban ga almubazzaranci a ciki ba. Abin da nake so kawai shi ne kuɗin da aka tara da gumi kada su tafi a banza.

Masaukin farko a hanya yake

Mutumin Zariya zai iya karya kumallo a gida, ya yi azahar a titin Gidan Zu. Mu ba haka ba ne. Daga Sakkwato kaɗai zuwa Kano ya haura kilomita 500, kafin a ƙara tafiyar da ta kawo mutum Sakkwaton ta Goronyo da Wurno. Hanyar Isa zuwa Shinkafi da Ƙauran Namoda ta fi yanke, amma kowa ya san halin da take ciki, kuma ba wanda ya manta matafiyan da aka ƙone cikin motarsu a kusa da Gidan Bawa a Disambar 2021. Don haka kada a yi gangancin haɗa tafiyar a yini guda. A raba ta biyu, a kwana a Sakkwato.

Wannan kwanan ba na jin daɗi ba ne, na hikima ne. A nemi wurin da ba shi da nisa da tashar da za a shiga mota gobe, ko wanda ke ɓangaren fita zuwa Gusau. Ba a buƙatar otal ɗin Giginya ko Shukura don barcin dare ɗaya. Ɗaki mai tsabta, mai ruwa, mai sakata ya wadatar. Daga gida kuwa a bari rana ta fito, motocin farko su wuce, direbobin tasha su ba da labarin hanya. Kuma zancen tafiyar ya tsaya tsakanin maigida da uwargida. Ranar tashi, inda za a sauka, yawan kwanaki, duk ba abin faɗa ba ne a majalisa ko a Facebook, domin infoma ba ya da alama a goshi. Hotunan yara a kan lilo su jira sai an dawo gida.

Ga wanda aljihunsa bai kai Kano ba, Sakkwaton ma ta isa zango. Hubbaren Shehu yana nan, ga fadar Sarkin Musulmi, ga gidan tarihi na Waziri Junaidu. Wasu kuma Maraɗi ta fi musu kusa, ga dangi a Tsibiri, sai dai tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 sha'anin iyaka yake sauyawa, don haka a tambayi masu shiga da fita kafin a ɗaura niyya, a kuma tanadi takardu da sefa.

Araha ta nesa da tsada ta kusa

Duk wanda ya je Umra ya san wannan lissafi. Ɗakin da ke gindin Harami ya fi tsada, amma mai shi yana samun salloli biyar cikin jam'i, ya koma ya huta. Wanda ya kama na nesa don araha, rabin yininsa a jiran mota yake ƙarewa. Manyan wuraren wasa na duniya sun gina kasuwancinsu a kan wannan fahimta. Walt Disney World da ke jihar Fulorida a Amurka, wanda aka buɗe a 1971, yana da otal-otal nasa na kansa fiye da 20, ana kai baƙinsu ƙofar wasa kyauta, a kuma bar su su shiga kafin sauran jama'a. A can muhawarar iyaye ita ce a kwana a ciki ko a waje. A Kano da Abuja wuraren wasanmu ba su da irin wannan tsari, don haka tamu tambayar ita ce wace unguwa.

Bari mu buga misali da alƙaluman da za ka maye gurbinsu da na ranar tafiyarka. A ce kun kai mutum 7. A ce an samu ɗaki kusa a kan naira 30,000, wani kuma a bayan gari a kan 18,000. Ido zai ce an tsira da 12,000. Amma mutum 7 ba sa shiga a-daidaita-sahu ɗaya, sai biyu. In shatar kowane ɗaya 2,500 ce, zuwa da dawowa sun ci 10,000. In kuwa aka koma masauki da rana aka sake fita da la'asar, an kashe 20,000. Ribar ta koma asara, ga gajiya, ga yara suna kuka cikin cunkoso.

Kuma komawar nan ta rana ba ta da makawa. Wannan ne abin da iyaye maza suka fi mantawa. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya iya yini a tsaye daga hantsi zuwa magariba, balle a watannin Maris zuwa Mayu da zafi yake kan ganiyarsa. Mai goyo tana son inda za ta kwance zani ta shayar a natse. Tsohuwa tana son miƙe ƙafa. In masauki yana kusa, sai a fita da safe, a dawo kafin azahar, a ci abinci, a yi wanka, a ɗan runtsa, a sake fita bayan la'asar da sabon ƙarfi. In yana nesa, sai a ƙare a gindin bishiya ana sayen ruwan leda, kowa ransa a ɓace, ƙarshe a tafi tun ba a ga rabin abin da aka biya ba.

Kano

Gidan zu na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, yana kan titin da ya ci sunansa, kuma a kan titin ne rukunin kantunan Ado Bayero yake. Wanda waɗannan ne suka kawo shi, ya nemi masauki a kewayen nan: Gandun Albasa, Hausawa, Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, ko farkon titin Zariya. Manyan otal-otal sun fi yawa a Nassarawa da Bompai, inda ake samun natsuwa da tsaro amma a biya da tsada. Sabon Gari akwai ɗakuna masu sauƙin kuɗi, sai dai da yawansu haɗe suke da mashaya da kiɗa har tsakar dare, kuma ba nan ne wurin da zan ba mutum shawarar ya kai matarsa da 'ya'yansa mata ba.

In da Salla za a je, lissafin ya sake. Hawan Daushe washegarin Salla ake yinsa da yamma a Ƙofar Kudu, Hawan Nassarawa kuma kashegarinsa da safe, kuma a ranakun ana toshe hanyoyi, mota ba ta motsi a kewayen fada. Cikin birni kuwa, wajen Gidan Makama da Kurmi da marinar Ƙofar Mata, ba wurin otal ba ne. A nan gidan ɗan'uwa ya fi kowane otal daraja, don da ƙafa za a taka. Sai dai a yi hattara: ko da yake UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya da ake tattalinsu a 2024, an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan, a lokacin korona da kuma lokacin rikicin masarauta. Kada a biya kuɗin kwana uku saboda hawa sai an ji sanarwa tabbatacciya. Gidan zu kuma a ranakun Salla cika yake ya batse, ba masaka tsinke. Mai ƙananan yara ya fi samun yadda yake so in ya bari sai bayan Salla da kwana huɗu ko biyar, lokacin ɗakuna ma sun sauko.

Abuja

A Abuja nisa ya fi yaudara, don a taswira komai kamar kusa yake. Wurin wasa na Magicland, wanda aka sani da Wonderland a da, yana kusa da ƙofar shiga birni, daura da babban filin wasa na ƙasa. Millennium Park, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a Disambar 2003, yana Maitama. Wurin wasan yara da gidan zu na ƙasa yana Asokoro, tafkin Jabi kuma yana nasa ɓangaren. Yawancin mutanenmu da ke ci-rani a can suna zaune ne a Mararaba, Nyanya, Zuba, Dei-Dei ko Kubwa, kuma can za su ja ka, da kyakkyawar niyya. Amma Mararaba a jihar Nasarawa take, kuma hanyarta cushe take da safe wajen shiga birni, cushe da yamma wajen fita, daidai lokutan da kai ma za ka bi ta. Garki, Wuye, Utako da Jabi sun fi dacewa. In sun yi tsada, Lugbe da ke kan titin filin jirgi ta fi Mararaba sauƙin isa Magicland nesa ba kusa ba.

A tsakiyar Abuja ba a yin acaɓa, a-daidaita-sahu ma ba ko'ina yake shiga ba. Tasi ce abin hawa, kuma da iyali kada a tare motar da ba a san ta ba a bakin titi saboda 'yan wan-cans, ɓarayin da ke yin shigar masu tasi. A sa masu otal su haɗa ka da direban da suka sani, a yi ciniki na yini.

Inda kwana a ciki ya fi

Wuri guda da tambayar ciki ko waje take aiki sosai a Arewa shi ne gandun dajin Yankari a jihar Bauchi. Daga garin Bauchi zuwa sansanin Wikki ya haura kilomita 100, kuma daga ƙofar shiga da ke Mainamaji ma akwai sauran tafiya mai tsawo cikin daji. Namun daji da sassafe da kuma yamma suke fitowa, ruwan ɗumi na Wikki kuwa, wanda zafinsa ke tsaye wajen digiri 31 dare da rana, a ƙasan ɗakunan kwana yake. Wanda ya kwana a Bauchi zai iso da rana tsaka, giwa ta shige inuwa, ya juya da wuri don kada dare ya yi masa. A nan ni dai ban ga wani zaɓi ba sai ciki. A kira tun daga gida a ji halin ɗakuna, da wuta, da tsaron yankin Alƙaleri. A tafi da guzuri mai yawa. A kuma gargaɗi yara su riƙa rufe ƙofa da taga, domin bika a sansanin ba sa tsoron mutum, suna shiga ɗaki su ɗauke ledar abinci a gaban mai ita.

Gidan ɗan'uwa

Mu mutane ne da suka gaji sauka a hannun mutum. Fatake a zango suke sauka, ɗan kasuwa yana da fatomansa, almajiri yana da zauren malam. Har gobe in Bagobiri ya kira kawunsa da ke Kurna a Kano ya ce, "Kawu, muna son mu taho da ɗiya bayan Salla," amsar da zai ji ita ce, "Ku taho mana, ai gidanku na." Kuma har zuciya ya faɗa. Amma kunya ba za ta bar shi ya ce ɗaki biyu gare shi a gidan haya ba, ko ya ce ruwa a jarka 'yan ga-ruwa ke kawo musu, ko ya ce wasu baƙin sun riga sun yi masa magana.

Saboda haka nauyin yana kan mai zuwa. A faɗi adadin mutane, manya nawa, yara nawa, da ranar zuwa da ranar tafiya, ba "'yan kwanaki" ba. A sa uwargida ta kira matar gidan, domin a tsakaninsu gaskiyar wurin kwana take fitowa. A je da abin hannu mai nauyi: shinkafa, albasa, wake, man shanu, abin da ƙasarmu take da shi. Cefanen kwanakin kuma a ɗauke shi ba tare da an jira tambaya ba, a miƙa ta hanyar da ba za ta kunyata maigida ba. Sau da yawa abin da ya fi gyara zumunci shi ne a raba: mata da ƙananan yara su sauka a gidan, maigida da samari su kama ɗaki a kusa. In kuwa gidan yana wannan ƙarshen gari, abin da aka zo gani yana wancan, to a kama masauki, a ware yini guda cur don ziyara. Ba raini ba ne, kuma mai hankali zai gane.

Yadda ake duba ɗaki

Kada a sauke kaya daga mota sai an ga ɗaki da ido. Iyali su jira, maigida ya shiga shi da babban ɗansa. A fara da banɗaki: a murɗa famfo a ga ruwa ya zubo, a ja abin kora ruwa, a duba ko akwai bokiti da buta. A dawo gado, a yaye zanin, a ɗaga gefen katifa a bi ɗinkin da fitilar waya. In an ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yayyafa tawada, kuɗin cizo ne, kuma ba cizon dare ɗaya kaɗai ba ne matsalarsa, bin jaka yake ya koma gida da ku. A fita kawai. A duba ragar taga ko ta yage, don sauro ɗaya ya isa ya mayar da hutu jinya. A rufe ƙofa daga ciki a gwada sakata. A kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki a saurara. A leƙa soket ɗin da ke ƙasa inda mai rarrafe zai kai hannu, in bene ne kuma a auna tazarar ƙarafan baranda da kan yaro. Mai tsohuwa ko mai juna biyu ya nemi ƙasa.

Sai tambayoyi, kuma a yi su kafin kuɗi su bar hannu. "Akwai wuta" ba amsa ba ce. A ce, in an ɗauke ta ƙarfe nawa ake tada janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma yana ɗaukar na'urar sanyi ko fanka kaɗai? Mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki, kuma ana ƙara katifa? Akwai mashaya ko wurin biki a harabar? Ana ba da ɗaki na awa-awa? In amsar wannan ta ƙarshe i ce, wurin bai dace da iyali ba ko da kyauta ne. Ina masallaci mafi kusa, ina kantin magani, ina mai shayi, ina ake sayar da tuwo? Abincin otal tsada gare shi kuma sau da yawa yaranmu ba sa cinsa, don haka unguwar da ake samun koko da ƙosai da safe ta rage maka kashe kuɗi fiye da ragin da za a yi maka a kan ɗaki. Yawancin otal ƙarfe 12 na rana suke ƙirga ƙarshen kwana; a tambaya, don kada a caje ku kwanan da ba ku yi ba. A karɓi rasit.

Iyalin da suka haura mutum 6, musamman mai mata biyu, su duba gidajen da ake bayarwa haya na 'yan kwanaki da kayansu da ɗakin girki. A Abuja suna da yawa, a Kano ma sun fara yaɗuwa. Sau da yawa gida mai ɗaki biyu da falo ya fi ɗakunan otal uku sauƙi, ga sirri, ga damar dafa abin da aka saba. Sai dai a nan 'yan damfara suka fi yawa. Za a nuna maka hotuna masu ƙyalli a intanet, a ce ka tura kafin alƙalami yanzu don wani na nema. Kada ka tura ko sisi sai wani naka da ke garin ya je ya tsaya a cikin gidan, ya kira ka ta bidiyo a WhatsApp ka ga ɗakunan. Ana kuma karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarna. A rubuta nawa ne da ranar mayarwa, a ɗauki hoton duk abin da aka tarar a fashe tun ranar shiga.

Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa. Otal na tambaya, shingayen hanya na tambaya, kuma abin takaici ne amma gaskiya ne cewa sunan garuruwanmu yanzu yakan sa a ƙara duban mutum. Kowane yaro kuma a rubuta masa sunan masaukin da lambar wayar ubansa a takarda, a sa masa a aljihu duk lokacin da za a fita. Ɗan ƙauyen Isa da ya ɓace a cunkoson titin Gidan Zu ba zai iya kwatanta inda ya kwana ba.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗin kwana guda da ba a shirya ba. A ware su daban tun daga gida, kada su shiga lissafin tsaraba ko na lilo. Ranar komawa, in an iso Sakkwato, a kira gida a kira tasha kafin a kama hanyar Goronyo. In aka ce a dakata, a dakata, a koma ɗaki a ƙara kwana. Shi ya sa tun ranar tafiya yana da kyau ka karɓi lambar masaukin da kuka kwana a Sakkwato, ka gaya musu ranar da kake sa ran dawowa da iyalinka.